Wasiƙa ta Uku

Ni ne mai rubuta wa mutane wasiƙa
a ƙofar gidan waya na Oruro:
tebur ɗaya, tafireta mai giɓi,
da iskar tudu mai yankan kunne.

Ran wata Talata Eulogia Tarqui ta gangaro daga ƙauyensu,
malafa a ka, mayafi mai ratsi a kafaɗa.
Ta ce, “Rubuta wa masu haƙar kuza.
Ka ce sun kashe mini lama goma sha ɗaya,
ƙannen raƙumin nan marasa tozo da na raina kamar ’ya’ya.
Ka ce ruwansu guba ne, zuciyarsu ta fi ruwan.
Ka ce ƙasa za ta ci su.”

Na rubuta. Na hura wuta har takarda ta yi zafi.
Bayan wata guda amsa ta zo, layi ɗaya:
“Mun ji. Bana fari aka yi.”

Ta biyu ta fi ta farko tsawo da kuka.
Ita ko layi ɗayan ba ta samu ba.

Na ce, “Inna, ruwa ba ya tsami banza, mun sani,
amma sanin da ke cikinki ba ya hawa tebur.
Sun ce fari.
To, fari yana zaɓen gida?
Je ki ƙirgo.”

Wata huɗu ban gan ta ba.
Ta dawo da igiyar gashi mai ƙulli-ƙulli,
kowane ƙulli gawa ce, kowace gawa da ranarta.
Garke tara na sha sama da bakin bututu,
bakwai na sha ƙasa da shi.
Ciyawa ɗaya, rana ɗaya, gajimaren da ya ƙi zuwa ɗaya.
A sama, biyu suka faɗi.
A ƙasa, sittin da uku.
Ga kwalba shida da jikarta ta kai ɗakin gwaji,
ga takardarsu da hatimi bai gama bushewa ba.

Na ce, “Biyun nan na sama mu share su,
suna rage mana kaifi.”
Ta ce, “Bar su. Su ne rabon fari,
a ba shi kayansa, a ga abin da ya saura.”

Sai ta yi shiru, tana murza igiya.
Ta kwance ƙulli uku da haƙori.
“Waɗannan nawa ne, amma sanyi ya kashe su,
a daren da na manta ƙofar garke.
Rubuta sittin.”
Na ce, “Kina yanke wa kanki diyya.”
Ta ce, “In suka kama ni da uku,
da ukun za su binne sittin.”

Wasiƙa ta uku shafi ɗaya ce.
Ba zagi, ba tsinuwa, ba ko “kaico”.
Ga abin da kuka ce. Ga inda kuke da gaskiya.
Ga inda gaskiyar ta gaji ta zauna.
Ga lissafi, ga wurin, ga ranaku, ku zo ku sake ƙirgawa.
Ta ƙare da tambaya guda:
in fari ne, me ya hana shi haura bututu?

Amsa ba ta zo ta gidan waya ba.
An ce wata farar mota ta hau tudu,
wani mai takalmin roba ya fito,
takardarmu a ninke cikin aljihun ƙirji.
Ya karanta, ya dubi ruwa, ya sake karantawa,
sannan ya durƙusa ya cika kwalbarsa.

Bututun bai rufu ba tukuna.
Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba,
na koyi wannan a hannun tsohuwa.

Igiyar dai tana rataye a wuyan tafiretata.
Duk wanda ya zo da wuta a baki
nakan bar shi ya huce,
in nuna masa gurbin ƙulli ukun nan,
in ce, “To, nawa ne? Yaushe? Wa ya gani?”